Abin da Ya Rage a Ƙarshen Zaren Kaset

Kwamitin gidan rediyon al'ummar da nake yi wa aikin sa kai ne ya ɗora mini nauyin tattara tarihin tashar. A yadda suka tsara abin, in duba takardu, in zauna da dattawan da suka kafa ta, in rubuto 'yan shafuka da za a karanta ranar bikin cikar shekaru. Tashar ƙarama ce a ƙaramin gari: ɗaki biyu da baranda, ƙarfen eriya a bayan gini, muryarta kuma ba ta wuce garin da ƙauyukan da ke zagaye da shi.

Tambayar farko ma ita ta tsaya mini a wuya: yaushe aka kafa ta? Takardar lasisi na ɗauke da rana ɗaya. Allon da aka kafe a bango ranar da manya suka zo buɗewa na ɗauke da wata, can baya da watanni. Tsohon mai gyaran na'urorinmu kuwa, wanda kowa ke kira Baba, ya ce duka biyun ba su ba ne. A wurinsa tashar ta fara ne daren da suka haɗa wayoyi suka kunna na'urar watsa shirye-shirye don gwaji, aka tura yaro da ƙaramar rediyo ya yi ta tafiya har inda muryar ta ɓace. A lokacin ba lasisi, ba allo. Kowace rana a cikin ukun nan tana da magoya bayanta, kuma na lura kowa yana goyon bayan ranar da yake wurin ne.

Da na bincika, ashe ba mu kaɗai ke da wannan rigima ba. Bush Radio ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu ta faro ne daga wata ƙungiya mai ɗaukar shirye-shirye a kaset tana rarrabawa. A 1993 ta watsa shiri ba tare da izini ba, hukuma ta zo ta kwashe kayan aikinta, sai a 1995 ta samu lasisi. To wace za ka ce ita ce shekarar haihuwarta? Na yanke shawarar rubuta ranakun namu uku a jere, kowace da abin da ya faru a cikinta da kuma wanda ya shaida. Wasu a kwamitin ba su so haka ba, sun fi son rana ɗaya da za a buga a takardar gayyata. Na ce su zaɓi wadda suka ga dama don biki, amma a rubuce ukun za su zauna.

Daga nan na shiga takardu. Yawancinsu ba abin ɗaukar hankali: bayanan zaman kwamiti, rasidai, takardun sabunta lasisi, jadawalin shirye-shirye da aka goge aka sake rubutawa har takardar ta huje. Na jera su bisa shekara, na ɗauki hoton kowane shafi, na wuce.

Abin da ya tsayar da ni shi ne littattafan da Baba ke rubutawa a ɗakin tiransimita, wato na'urar watsa shirye-shirye. Ba wanda ya sa shi, sabo ne da ya taso da shi. Kullum zai rubuta ƙarfe nawa aka kunna, ƙarfe nawa aka kashe, wat nawa na'urar ke fitarwa, nawa kuma ke dawowa daga eriya. Wannan lamba ta biyun ita ce mai gaya masa lafiyar wayar da ta hau ƙarfe: in ta yi sama, to ruwa ya shiga mahaɗa ko wani abu ya kwance, kuma in aka ci gaba da aiki a haka na'urar za ta yi zafi ta ƙone. A gefen lambobin yakan ƙara kalma biyu ko uku. Ba wuta. Janareta ya ƙi tashi. Tsawa ta faɗo. An rufe da wuri, mai gabatarwa bai zo ba. Da na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya sai ga rayuwar tashar tana fitowa fili fiye da yadda kowane bayanin taro ya nuna ta. Watannin da kwamiti ya rubuta cewa komai na tafiya daidai, littafin Baba na nuna awa biyu kacal ake yi a rana.

A nan ne kuma na gano wani abu da ba wanda ya ambata mini. Na tambaye shi: "Baba, me ya sa daga wannan shafin sunayen ƙauyukan da ke aiko da saƙo suka ƙaru, alhali ƙarfin na'urar bai canja ba?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, ai ba ƙarfi muka ƙara ba, tsawo muka ƙara." Zangon FM, wanda ke tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, kusan a miƙe yake tafiya. Tudu ko dogon gini na iya tare shi, don haka ɗaga eriya sama yakan fi ƙara wat amfani. Sun ƙara wa ƙarfen tsawo ne kawai, sai ga mutanen bayan tudu sun shigo cikin masu sauraro. Ba a yi biki ba, ba a rubuta a ko'ina ba sai a wannan littafi, amma ni a ganina ranar nan ta fi ranar allon bango muhimmanci.

Sai kaset. Suna cikin kwalaye a saman kabad, ƙura ta rufe su, wasu da rubutu, wasu babu, wasu rubutun da ke jiki bai dace da abin da ke ciki ba. Kafin in saurari ko ɗaya na raba su gida biyu ta hanyar duba samansu. Duk wanda ya yi zamani da kaset ya san akwai wani ɗan harshen roba a gefen sama. In ka ɓalle shi, rikoda ba za ta yarda ta ɗauki sabon abu a kan zaren ba. In kuma daga baya ka canja shawara, sai ka liƙe ramin da salatif. Ke nan kowane kaset yana ɗauke da hukuncin da wani ya yanke a kansa: wannan a adana, wannan a sake amfani da shi.

Waɗanda aka ɓalle wa harshe, kusan dukkansu jawaban manya ne. Buɗe taro, ziyarar baƙi, bikin cikar shekara, godiya ga masu ba da tallafi. An adana su da kyau, sautinsu garau, kuma in ka ji ɗaya kamar ka ji sauran. Shirye-shiryen da mutane ke kunna rediyo dominsu kuwa, na manoma, na lafiyar yara, gaishe-gaishe, sanarwar rasuwa da ta ɓatan yaro ko dabba, muhawarar da ake kira a yi ta musu kan gyaran hanya, duk a kaset masu salatif suke, an ɗauki wani a kan wani har ba adadi. Ban ga laifin kowa ba. Kaset ba ya isa, shirin gobe kuma ba ya jira. Amma sakamakon shi ne tashar ta adana ranakun da ba ta yi kama da kanta ba, ta goge ranakun da take aikinta na gaskiya. Da a kan abin da aka adana da gangan kawai zan dogara, da tarihin da zan rubuta na masu zuwa yanke ƙyalle ne.

Aikin juyar da sautin zuwa kwamfuta yana son haƙuri fiye da basira. Kamfanin Philips ne ya fito da wannan nau'in kaset a 1963, zarensa na gudu santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma ba wata hanyar gaggawa mai kyau: kaset mai lamba C90 minti 45 ne kowane gefe, haka za ka zauna ka jira shi. Kafin in sa kowanne a na'ura nakan duba ta tagar tsakiya ko akwai farin fumfuna a jikin zaren. Mai fumfuna nakan ware shi gefe, don zai ɓata kan na'urar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sauti daga zare, ya kuma shafa wa na bayansa. Nakan duba ɗan auduga da ke tura zare ya manne da kan karatu, domin yakan faɗi in gam ɗinsa ya bushe. In kwanson ya fashe ko zaren yana cijewa, sai in kwance wani kwanso mai sukurori in mayar da zaren ciki. Wanda ya tsinke ana haɗa shi da tef ɗin da aka yi don haka, ba salatif ba, domin gam ɗin salatif yana narkewa ya bi sauran zaren. Kan na'urar da robar da ke jan zare kuma a riƙa goge su da auduga da sifirit akai-akai.

Akwai wani ɗan sukuri a gefen kan karatu da ke daidaita karkatarsa. Kaset ɗinmu an ɗauke su a rikodoji daban-daban, kowace da irin karkatarta, don haka wani in ka kunna sai ka ji muryar a dushe kamar mai magana ta bayan ƙofa. Kaɗan za ka murɗa sukurin kana saurare, sai ka ji harafin "s" ya fito tas. Wannan ɗan murɗin ya dawo mini da muryoyin da na ɗauka sun riga sun lalace.

Na ɗauki komai a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, a kilohaz 48 da bit 24. Ƙungiyar IASA ta masu adana sauti ta duniya ta ba da shawarar kada a yi ƙasa da haka, ta ma fi son kilohaz 96. A ma'aunin da na bi, awa ɗaya na cin kusan gigabait ɗaya. Asalin ba na taɓa shi, ba na rage masa ƙara ko shuu. In ana son na saurare, sai in yi kwafi a MP3 in gyara wannan. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ta ishe ni. Kowane fayil na ba shi lambar da na rubuta a jikin kaset ɗinsa, na kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Doka ɗaya na kafa wa kaina, ita ce ta fi kowace amfani: ba na tsayar da kaset don shirin da ke kai ya ƙare, sai zaren ya kai ƙarshe. Dalili kuwa, in aka ɗauki shirin minti talatin a kan wanda ya yi minti arba'in, sauran goman na tsohon suna nan ba a taɓa su ba. Wani lokaci ma hawa uku ne: sabon shiri ya ƙare, ka ji ƙas, tsohuwar murya ta shigo a tsakiyar jimla, ita ma ta yanke, wata wadda ta fi ta tsufa ta biyo. A waɗannan guntaye na samu abin da nake nema. Wata mata tana karanto sunayen waɗanda za su je allurar rigakafi, tana tsayawa ta yi tari. Wani manomi yana gardama da malamin gona kan lokacin shuka, bai yarda an fi shi sani ba. Mai gabatarwa yana ba masu sauraro haƙuri cewa man janareta ya kusa ƙarewa, in suka ji shiru sai gobe. Ba wanda ya yi niyyar adana ko ɗaya daga cikinsu. Sun tsira ne don wanda ya zo gogewa shirinsa bai kai tsawonsu ba.

Sanya musu shekara wani aikin ne. Masu gabatarwa sukan faɗi rana da kwanan wata amma ba sa faɗin shekara, don wa zai tambaya? Sai dai in mutum ya ce yau Talata, kaza ga watan kaza, to ba kowace shekara ce ranar da kwanan ke haɗuwa ba. Sukan sake haɗuwa ne bayan shekara 5 ko 6 ko 11. Sai in fitar da shekarun da abin zai yiwu, in koma littafin Baba in ga a wacce tashar ke aiki ranar, in kuma tambayi wane lokaci mai wannan muryar yake tare da mu. Yawanci shekara ɗaya ce ke rage. Inda biyu suka rage, na rubuta biyun.

Da guntayen suka taru, muka sa wasu a iska da yamma, muka roƙi duk wanda ya taɓa ɗaukar shirinmu a gida ya kawo a kwafa a mayar masa. Abin da ya biyo baya ya ba ni mamaki. Mutane sun ɗauki ranar da aka gaishe su, ranar da ɗansu ya yi karatu a shirin yara, ranar da aka sanar da rasuwar mahaifinsu. Da yake ba su san daidai lokacin da nasu zai zo ba, sukan danna ɗauka tun da wuri su bar shi yana gudu, sai ga cikakken rabin awa na rana irin ta kullum, da taken tasha da sanarwa da kuskuren mai karatu da komai. Ashe ma'ajiyar tashar ta gaskiya a akwatunan masu sauraro take. Darajar abin da ya fito daga hannun masu sauraro ba a wurinmu kaɗai take ba: Radio Sutatenza ta ƙasar Kolombiya, wadda wani limamin coci mai suna José Joaquín Salcedo ya kafa a 1947 a wani ƙaramin gari don koyar da manoma karatu da rubutu, yau ana adana kayanta a ɗakin karatu na Luis Ángel Arango da ke Bogota, kuma cikin abubuwan da masu bincike suka fi daraja akwai wasiƙun da manoman suka riƙa aiko mata. Mu namu wasiƙun an yi shara da yawancinsu tun tuni.

Hira da mutane na bari sai daga baya, da gangan, don in je musu da abin da zai tayar da tunani. In ka tambayi dattijo yadda aka fara, labarin da ya saba bayarwa a taro zai ba ka. In ka sa masa abin kunne ya ji muryar abokinsa da ya rasu, sai ya fara faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Kuma ɗaya ɗaya nake ganinsu. In aka haɗa su wuri guda, mai babbar murya ne ke magana, sauran su yi ta gyaɗa kai.

Ta haka na gano matar nan mai karanto sunayen rigakafi. Sunanta ba ya cikin kowace takarda, domin ba ta taɓa zama a kwamiti ba, ba a kuma taɓa biyanta ba, amma shekaru ta yi tana riƙe da shirin lafiya ita kaɗai. Da na je gidanta na ce, "Mama, ga wata murya ina so ki gaya mini ko kin san mai ita." Ta saurara har ƙarshe, ta ce yarinyar nan tana sauri da yawa, da ta riƙa jan numfashi. Daga nan ta lissafa mini wasu matan da suka yi aiki tare, waɗanda su ma takarda ba ta san da su ba. Babin da na rubuta a kansu shi ya fi kowane tsawo.

Akwai lokacin da tashar ta yi shiru na tsawon watanni, kuma a nan ne aikin ya yi nauyi. Littafin Baba babu komai a shafukan sai kwanan wata. Wasu sun ce na'ura ce ta ƙone. Wasu sun ce kwamiti ne ya rabu biyu kan wanda zai riƙe kuɗi da wanda za a bari ya yi magana a lokacin zaɓe. Da na haɗa bayanan, duka biyun gaskiya ne: na'urar ta ƙone, rigimar kuma ita ta hana a gyara. Ƙananan tashoshi da yawa ba sa tashi daga irin wannan faɗuwa. Ta Homa Bay a Kenya, wadda aka kafa a 1982 da taimakon UNESCO, kuma ake yawan ambatonta a matsayin ta farko irinta a Afirka, a 1984 aka rufe ta. An nemi in tsallake wannan babi don kada a tayar da tsohon miki. Na ƙi, amma na yarda da sharaɗi biyu: ban kama sunan kowa ba, kuma kowane ɓangare na karanta masa abin da na rubuta daga bakinsa kafin ya fita.

Haka na yi da sanarwowin da ke ɗauke da sunayen mutane da al'amuran gidajensu. An faɗe su a iska a lokacinsu, gaskiya ne, amma faɗar da ta wuce da iska daban take da fayil da kowa zai iya juyawa a waya. Suna cikin ma'ajiya, ba a sake watsa ko ɗaya ba sai da izinin iyalin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne shekarun bayan kaset. Da tashar ta koma aiki da kwamfuta, kowa ya ɗauka matsalar adanawa ta ƙare. Amma kwamfutar farko ta mutu da abin da ke cikinta, ta biyu an goge ta don a samu wuri, faifan CD da aka kwafa wasu a kai kuma da dama sun daina buɗuwa. Kaset in ya lalace yakan bar maka wani abu, ko da a dushe. Fayil in an goge shi aka rubuta wani a kai, ba ya barin guntu a ƙarshe. Don haka shekarun da suka fi kusa da mu su ne suka fi ƙarancin sauti a tarihin, na cike su ne da hira da kuma abin da aka samu a tsofaffin wayoyin ma'aikata.

'Yan shafukan da aka nema sun zama jerin shirye-shirye na mako-mako, tare da ƙaramin littafi da kuma rajistar da ke nuna kowane sauti, daga ina ya fito, wa ya kawo, wa ke magana a ciki. Bayan kowane shiri mukan buɗe waya, kuma ba a taɓa rasa mai gyara mini wani abu ba: wannan ba muryar wane ba ce, ta ƙanensa ce, wancan taron ba a makaranta aka yi ba. In mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗi abu ɗaya, nakan shigar da gyaran a rajista in rubuta ranar da aka yi shi.

Buƙata ɗaya na kai gaban kwamiti, sun kuma amince bayan ɗan ja-in-ja kan wurin ajiya: kowane wata a ɗauki rana guda cur, daga kunnawa zuwa kashewa, a adana ba tare da an yanke komai ba. Ba a gaya wa masu gabatarwa wace rana ce, don kada su gyara murya. Wanda ya gaji Baba a ɗakin tiransimita shi ke zaɓar ranar, ya kwafe ta a faifai biyu, ɗaya a tasha, ɗaya a wajenta, ya kuma rubuta lambar fayil ɗin a gefen shafin ranar a littafinsa.